Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Gbong Gwom Jos, Da Jacob Gyang Buba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, mu magina na gargajiya da masu yi wa baƙi jagora a garin Jos muke kawo kukanmu gaban uban ƙasa, kan gyaran gine-ginen gargajiya na gidan tarihi da kuma zuwan baƙi fada.

Baƙon da ya sauka Jos yakan fara da gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, don ya ga kawunan Nok, wato tsoffin mutum-mutumin yumɓu na mutanen da. Daga nan sai ya zagaya wajen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani. To, waɗannan duka ginin ƙasa ne, ruwan Jos kuwa ya fi na Kano naci, tun daga Afrilu har Oktoba.

Daga rufi ɓarna take farawa. Ganye ya toshe indararo ɗaya, ruwa ya kwanta a kan soro, ya jiƙa ƙasar har ya kai ga azara, daga nan ɗaurin guga, wato bakan ginin da ke riƙe da rufin, ya fara tsagewa. Gindin bango kuma ruwan da ke fantsama ne ke cinye shi a hankali. Mai gaggawa yakan ce a shafa siminti a huta. Siminti ba ya kama ƙasa: danshi ya taru a bayansa, wata rana ya ɓamɓaro da fuskar bangon gaba ɗaya.

Gyaran bai wuce wanda iyayenmu suka yi ba. A Fabrairu da Maris a tumɓuke ciyawar kan soro, a share indararo, a kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a yi yaɓe, sannan a bi da makuba ta ɓawon ɗorawa. Kowace shekara, ba sai bango ya zube ba. Mun san wurin yana hannun gwamnatin tarayya, shi ya sa muke roƙon Mai Martaba ya sa baki a riƙa yin wannan aiki kafin ruwan farko, a kuma ba magina na gida.

Sai maganar fada. Baƙi da yawa na son kai gaisuwa, amma ba su san ta ina za su biyo ba. Muna roƙon a ware rana ɗaya a mako, a sa bafade mai tarbarsu, a bayyana inda aka yarda a ɗauki hoto. Makarantu su rubuto takarda mako ɗaya kafin zuwa, ɗalibai su shiga 20-20.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba.

Mu ne,
Magina da jagororin baƙi, Jos