Sanarwar zaman Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban Turanci.

Zamanmu na ranar Asabar bayan La'asar yana nan, a ajin da muka saba. Za mu duba yadda Turanci ya aro sunayen mazauna wasu duniyoyi daga Latin. Mazaunin Mars shi ne Martian, daga Martis. Na Jupiter kuwa Jovian ake cewa, domin saiwarsa Jovis ce, kuma nan ne da yawa ke tuntuɓe. Venus, wato Zara matar wata, saiwarta Veneris, amma yau Venusian aka fi amfani da shi.

Don Allah kowa ya binciko na Saturn da Mercury a ƙamus, ya zo da littafinsa. Wanda uzuri ya riƙe ya sanar kafin Juma'a.

Allah ya kai mu lafiya.