A ware wa kowace firamare malamin da zai riƙa sauraron yara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi magana da malamai da iyaye da hukumomin ilimi na jihar Tawa game da tarbiyyar ƴan firamare.

Kowa na kukan tarbiyya ta lalace, amma in ka shiga lakwal ka tambayi wane ne aka ɗora wa nauyin yaron da ya daina magana, ko wanda ya fara sata, ko yarinyar da ta yi mako ba ta zo ba, sai ka tarar babu. Malami yana fama da aji mai yara 80, wani lokaci a rumfar zana, darakta kuma yana fama da takardu. Ba mu sa ran a ɗauki ƙwararren mai ba yara shawara a kowace makaranta nan kusa. Abin da zai yiwu tun bana shi ne kowace makaranta ta zaɓi malami ɗaya da malama ɗaya ta ba su wannan aiki a fili, a sanar da yara da iyaye, a kuma ware musu lokaci. Kada a ba darakta, domin shi ne mai hukunci a idon yara, kuma yaro ba ya kai sirrinsa wurin wanda yake tsoro. Kada kuma a zaɓi wanda aka san shi da kai labari majalisa.

Aikin yana farawa daga rajistar kiran suna. Duk ranar Juma'a malaman nan biyu su bi rajistar kowane aji daga CI (aji ɗaya) zuwa CM2 (aji shida), su fitar da sunan duk wanda ya yi kwana 3 a jere bai zo ba, ko kwana 5 a cikin wata. Malamin aji kuma ya ƙara da waɗanda halinsu ya sauya: mai barci tun da hantsi, mai faɗa da ba a san shi da faɗa ba, wanda makinsa ya faɗi kwatsam. Yawan yara ba hujja ba ce. In malami ya ɗauki yara 5 kullum ya yi wa kowanne tambaya ɗaya game da gida, a kwana 16 na karatu ya zagaye aji mai 80.

Kafin a kira yaro mai taurin kai, a duba abubuwa huɗu, domin a nan aka fi zaluntar yara. Na farko ido: a rubuta baƙaƙe a allo, a tsayar da shi a bayan aji, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sannan ɗayan. Na biyu kunne: a tsaya a bayansa a kira sunansa a hankali. Na uku ciki: a tambaye shi abin da ya ci da safe. Na huɗu harshe, wanda a nan yankin Adar ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan CI da ya tashi da Tamajak ko Fulatanci a gida, ga Faransanci a allo, ga Hausa a filin wasa, zai iya yin watanni bai buɗe baki ba, kuma ba rashin kunya ba ne. A zaunar da shi kusa da wanda ke jin harshensa. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa daƙiƙai, matso da su bencin gaba kawai suke buƙata, ko a kai su ƙaramin asibiti na CSI a duba su.

Zaman da yaro kada ya wuce minti 15. A yi shi a ƙarƙashin itace a tsakar makaranta, inda kowa na gani amma ba mai ji. Ba a rufe ƙofa da yaro, kuma ƴan matan CM, wato aji biyar da shida, malama ce za ta zauna da su. Wannan kariya ce ga yaron da malamin baki ɗaya. A zauna a tabarma ɗaya, a ajiye bulala da waya. Kada a fara da "don me ka yi kaza?", domin amsarsa shiru ce ko ƙarya. A fara da mai sauƙi: wa kake kwana da shi, wa ke tashe ka da safe, yaushe ka ji muryar Baba? In ya yi shiru a bar shi, a sa masa wata rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne malami ya cinye lokacin da wa'azi, yaro na cewa "to, Mushe" har a tashi ba a san abin da ke damunsa ba. Wani kuskuren shi ne rantse wa yaro cewa ba mai ji. A gaya masa gaskiya tun farko: maganarka ba za ta fita ba, sai in akwai mai cutar da kai, a nan dole mu nemi wanda zai kare ka.

A ajiye kaye ɗaya a kabad mai makulli. Layi huɗu sun isa: kwanan wata, abin da aka gani da ido, abin da aka yi, da ranar da za a sake dubawa, bayan mako biyu. A rubuta lambar yaro ta rajista maimakon sunansa. Amfanin kayen yana fitowa ranar da aka yi wa malami canjin wuri a tsakiyar shekara, abin da ba baƙo ba ne ga ƴan kwantiragi.

Batun kiran iyaye yana son a tsaya a kansa. "Tafi, kada ka dawo sai da ubanka" magana ce da ta raba yara da yawa da karatu a wannan jiha, inda magidanta ke tafiya cirani Abijan, Libiya, Aljeriya ko Najeriya su yi watanni, wasu shekaru. Yaron ba shi da uban da zai kawo, yana jin kunyar faɗa, sai ya riƙa fita da jakarsa da safe ya wuni a tasha. A farkon shekara a rubuta sunan wanda yaro ke hannunsa a zahiri, ko kaka ce ko gwaggo ko kawu, da lambar waya. In ana son zuwa gida, a tafi da mace ɗaya daga ƙungiyar iyaye mata ta AME, domin da ɗan gari kan ci gari, kuma ita za ta shiga inda malami namiji zai tsaya a zaure. A fara da faɗin alherin yaron kafin laifinsa. In aka fara da laifi, abin da zai biyo baya dukan dare ne, gobe kuma yaron ba zai ƙara gaya wa kowa komai ba.

Akwai abin da ya fi ƙarfin makaranta: tabon duka mai tsanani, alamar an taɓa yarinya, shan tiramol, ko yaran da suka gudo daga yankin Tiliya bayan hare-haren Maris 2021 waɗanda ƙarar babur ke firgita su. Waɗannan a kai su asibiti da ofishin kare yara a ranar, ta hannun darakta, ba tare da malami ya mai da kansa ɗan sanda ba. Haka in aka ji ana shirin aurar da ƴar CM: dokar gwamnati ta Disamba 2017 kan kare karatun ƴaƴa mata ta ba makaranta hujjar magana, amma a nemi mai unguwa da liman tun kafin a karɓi sadaki. Wata yarinyar ma ba aure ne ke hana ta zuwa ba, al'ada ce ta fara, ga makewayi ba ƙofa ba ruwa.

Darasin tarbiyya kuwa, jimla ɗaya da ake rubutawa a saman allo da Faransanci yara su kwafa ba ta canza halin kowa. A ɗauki hali ɗaya na mako biyu, misali riƙon amana. Ranar Litinin a yi minti 15 da harshen da yara ke ji, a kawo abin da ya faru a filin wasa ba tare da kama suna ba: wani ya tsinci dala ashirin a bakin famfo, me ya kamata ya yi, me zai faɗa in abokinsa ya ce su raba? Sannan a ba da aikin da ke gwada halin, kamar riƙon akwatin alli, makullin aji ko tulun ruwa, a riƙa juyawa kowane mako har ya kai ga yaron da ake zargi da ɗan hali. A daina ba shugaban aji bulala da takardar rubuta masu surutu, domin abin da yake koya shi ne cin zali da karɓar ƙosai a goge suna. Duka ma tun 1981 ma'aikatar ilimi ta hana shi a rubuce. Wanda ya yaga littafin wani ya liƙa shi, wanda ya yi zagi ya nemi gafara a gaban waɗanda suka ji. Malamin da ke zuwa a makare yana aiken yara ɗebo ruwa gidansa kuwa ya riga ya rushe darasin.

Roƙonmu ga masu duba makarantu shi ne su sa wannan a taron ƙara wa juna sani na malamai, wato CAPED, na farkon shekara, a gwada zaman sauraro a aikace, malami ɗaya a matsayin yaro. Makarantar horar da malamai ta Kawusan da ke nan Tawa ta koya wa ɗalibanta kafin su fita. Kwamitin kula da makaranta na CGDES kuma ya sa kaye, makulli, tabarma da katin waya a cikin tsarin aikinsa na bana, ya nemi darakta ya riƙa kawo masa, a ƙarshen kowane zango, adadin yaran da aka bi sawunsu da adadin waɗanda suka dawo aji.

Wassalam.

Wasu malaman firamare da masu ba malamai shawara,
Tawa.