Zuwa ga Mamar da Ta Tambaye Ni Ko Addu'arta Aikin Banza Ce

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin koma gida lafiya, kin kuma tarar da iyali lafiya.

A taron Zumuntar Mata na ranar Asabar, da aka zo lokacin tambayoyi, kin miƙe a gaban jama'a kin ce: "Fasto, yau shekara shida rabon ɗana da majami'a, ni kuwa ban fasa durƙusawa dominsa ba. Ga shi wani ɗalibin makarantar tauhidi ya ce mini tun kafin a kafa duniya Allah ya riga ya san nasa, ya kuma ƙaddara su. To, in ɗana ba ya cikinsu, wahalar me nake yi? In kuwa yana ciki, me addu'ata za ta ƙara?" Buɗe bakina ke da wuya sai mai kula da lokaci ta kaɗa ƙararrawa, masu girki kuma sun riga sun sauke tukwane. Amsar da na ba ki a tsaitsaye ko ni ba ta gamsar da ni ba, balle ke. Tun da a bainar jama'a kika yi tambayar, na kuma ga mata da yawa suna gyaɗa kai, bari in amsa inda kowa zai gani.

Ɗalibin nan bai yi miki ƙarya ba. Maganar tana cikin Romawa 8:29 da 30, inda Manzo Bulus ya jera ta daki-daki: waɗanda Allah ya riga ya sani ya ƙaddara su, waɗanda ya ƙaddara ya kira su, waɗanda ya kira ya kuɓutar da su, waɗanda ya kuɓutar ya ɗaukaka su. Afisawa 1:4 ma ta ce an zaɓe mu cikin Almasihu tun ba a kafa duniya ba. Ba zan share waɗannan ayoyi don in faranta miki rai ba. Laifin ɗalibin shi ne ya ba ki rabin magana, kamar wanda ya ɗura wa majinyaci magani mai ƙarfi alhali cikinsa babu ko kunu.

Kalmar "ƙaddara" kanta tana da nata nauyi a kunnenmu. A gidan makoki muka fi jin ta, ko a bakin titi bayan hatsari. Ƙaddara ta riga fata, in ji mu, sai kowa ya naɗe hannu ya yi shiru. Maƙwabtanmu Musulmi suna lissafa imani da ƙaddara cikin rukunan imani shida, kuma su ma malamansu sun daɗe suna kai-kawo a kan inda zaɓin bawa ya tsaya; duk da haka ban taɓa jin malamin kirki ya ce wa manomi ya jingine fartanya ba. Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a Helenanci tushenta shata iyaka ne, irin yadda mai gona ke shata iyakar gonarsa tun damina ba ta sauka ba. Sai ki tambaya, an shata su zuwa ina? Ayar ta faɗa: su ɗauki kamannin Ɗansa. Kuma ki duba waɗanda aka rubuta wa. Kafin surar ta ƙare ana maganar tsanani, da yunwa, da tsiraici, da takobi. Bulus yana ƙarfafa mutanen da ke shan wuya ne, yana ce musu abin da Allah ya fara da ku ba zai yar da shi a hanya ba. Bai rubuta ta don a tsorata uwa game da ɗanta ba.

A kan "sani" ne malamai suka rabu. Waɗansu sun ce a Littafi Mai Tsarki sanin mutum ya wuce samun labarinsa. A Amos 3:2 Allah ya ce wa Isra'ila su kaɗai ya sani cikin dukan kabilun duniya, alhali babu kabilar da ta ɓoye masa. A Matiyu 7:23 Yesu zai ce wa waɗansu bai taɓa saninsu ba. Don haka a wurin waɗannan malamai, riga sani shi ne riga ƙauna: Allah ya sa zuciyarsa a kan mutum ba don ya hango wani abin kirki a cikinsa ba. Waɗansu kuwa sun ce a'a, Allah ya hango tun fil'azal wanda zai karɓi alherin da aka miƙa wa kowa, a kan wannan hangen ya yi zaɓinsa.

Gardamar ta girme mu duka. Jon Kalbin, malamin tauhidi na birnin Jeniba, wanda ya rasu a 1564, shi ne sunan da aka fi liƙa wa ra'ayi na farko. Yakubu Arminiyus, malami a jami'ar Laiden ta ƙasar Holan, ya tsaya a na biyu. Ya rasu a 1609, almajiransa suka rubuta ƙorafinsu mai kawuna biyar a 1610, aka kira babban taron ikilisiya a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, taron ya ƙi ra'ayinsu. Bayan shekara ɗari da 'yan kai abin ya sake tashi a Ingila tsakanin abokai biyu masu wa'azi, Jon Wesli mai ra'ayi na biyu da Joj Witfil mai ra'ayi na farko, har suka yi ta buga wa juna raddi. Amma da Witfil ya rasu a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan. Kada ki ɗauka labarin Turawa ne kawai. 'Yan'uwanmu na ikilisiyar CRCN a wajen Takum da Wukari, da na NKST a ƙasar Tibi, suna riƙe da hukuncin Dort cikin shaidar bangaskiyarsu, Methodist na ƙasar Muri kuma jikokin Wesli ne, an kuma daɗe ana zama a inuwa ɗaya ta TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya.

In ra'ayina kike so, na fi karkata ga na farko, dalilina kuwa ba na littattafai ba ne. Na san kaina. Ban tashi neman Allah ba, shi ya bi sawuna, kuma in da abin kirki ya hanga a cikina kafin ya kira ni, da har yau ana jira. Amma ga abin da ɗalibin nan bai kai ga karantawa ba, ko ya karanta ya tsallake: ko mutanen Dort, da ake cewa sun fi kowa tsauri, sun rubuta cewa dole a yi shelar alkawarin bishara ga dukan al'ummai da dukan mutane ba tare da bambanci ba. Sun kuma ce wanda bai ji bangaskiya mai rai a zuciyarsa ba tukuna kada ya lissafa kansa cikin ɓatattu, ya ci gaba da bin hanyoyin da Allah ya tanada. Babu ɓangare ko ɗaya cikin biyun da ya ce uwa ta tashi daga kan gwiwoyinta.

Buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Jirgin ruwa ne ɗauke da mutum 276, hadari ya yi ta jifa da shi har dare goma sha huɗu. Mala'ika ya riga ya gaya wa Bulus babu ran da zai salwanta, Bulus kuma ya faɗa wa kowa. Magana ta ƙare ke nan, ko? To, da matuƙan suka sauke ƙaramin kwalekwale a ɓoye za su gudu, suna yi kamar anka za su jefa, Bulus bai ce a bar su ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama ba. Ya je wurin jarumin sojan ya ce in mutanen nan ba su zauna cikin jirgi ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin. Ya matsa wa kowa ya ci abinci. Daga bisani masu iya iyo suka yi iyo, sauran suka kama katako, duka suka fita tsibirin Malita da rai. Wanda ya ƙaddara tsirarsu shi ya ƙaddara matuƙan, da gurasar, da katakon. Ban ga abin da zai hana addu'arki zama katakon ɗanki ba.

Bulus ɗin nan da ya rubuta Romawa sura 9, mai maganar Yakubu da Isuwa, da maginin tukwane da yumɓunsa, sura mafi wuyar haɗiyewa a kan wannan batu, ki ga da abin da ya buɗe sura 10. Ya ce muradin zuciyarsa da roƙonsa ga Allah domin danginsa shi ne su sami ceto. Tawadar sura 9 ba ta bushe ba yana kan gwiwa saboda 'yan'uwansa da suka ƙi Almasihu. In koyarwar zaɓe tana kashe addu'a, da shi za ta fara kashe wa.

Akwai wata uwa da nake so ki sani, sunanta Monika, 'yar Afirka ta Arewa, daga ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Ɗanta ya bar bangaskiyar da ta rene shi a ciki, ya shiga wani addini dabam, na Manikiyawa, wajen shekara tara, ya ajiye mace ba aure har suka haifi ɗa. Ta dami wani bishop da kuka a kan ya je ya yi masa magana, har bishop ɗin ya gaji ya ce ta tafi, ɗan da aka zubar wa irin waɗannan hawaye ba zai hallaka ba. A shekara ta 383 ɗan ya shirya tafiya Roma. Ta bi shi har bakin teku a Kartej tana roƙon Allah kada ya bar shi ya tafi. Ya yaudare ta, ya ce aboki yake jira, cikin dare jirgi ya tashi da shi, gari ya waye ta tarar da wayam. A ganinta Allah ya ƙi jin ta. Ashe a Italiya ne zai haɗu da Bishop Ambros na Milan, wanda ya yi masa baftisma a Ista ta 387. A shekarar ce Monika ta rasu a Ostiya, bayan ta gani da idonta. Shi kansa ɗan ya rubuta daga baya cewa Allah ya hana ta abin da ta roƙa a daren nan domin ya ba ta abin da ta daɗe tana roƙa.

Ɗan nan shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba. Shi ne ya yi ta fafatawa da Felajiyus, malamin da ya ɗaukaka ƙoƙarin mutum, da kuma mabiyansa, a kan alheri da zaɓe har ƙarshen ransa a 430, kuma daga rijiyarsa Kalbin da mutanen Dort suka ɗebi ruwa. Wato koyarwar da aka tsorata ki da ita, babban malaminta ɗan addu'ar uwa ne, bai kuma taɓa jin kunyar faɗa ba.

Ba zan yi miki alkawarin da bishop ɗin nan ya yi wa Monika ba, Mama, domin ba a nuna mini littafin rai ba. Ba a nuna wa ɗalibin nan ba shi ma, ko malaminsa. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirtattun al'amura na Ubangiji ne, bayyanannu kuwa namu ne da 'ya'yanmu. Abin da aka bayyana mana shi ne Allah yana so dukan mutane su sami ceto, kamar yadda 1 Timoti 2:4 ta faɗa, kuma wanda ya zo wurin Yesu ba zai kore shi ba ko kaɗan, Yahaya 6:37. Da wani ya dubi Shawulu, wato Bulus kafin ya tuba, ran da ake jifan Istifanas, yana tsaron rigunan masu jifa, me zai ce game da sunansa?

Roƙo ɗaya nake da shi, kuma ki yi haƙuri da ɗanki Fasto in ya wuce gona da iri. Kin ce ɗan naki yakan zo gida ran Lahadi da yamma ya ci tuwo. Ki bar shi ya ci tuwonsa ba tare da wa'azi a kan kowace loma ba. Ya san ayoyin, ke kika koya masa su. In kin yarda, ki gaya mini inda yake sana'a, zan bi ta wurin in gaishe shi, ba da Littafi a hammata ba. Ɗalibin nan ma ki turo mini shi, akwai sura 10 da za mu karanta tare.

Ki gai da Baba da sauran yara.

Ɗanki cikin Ubangiji,
Fasto