Kafin Ka Karɓe Fensirin Daga Hannunta

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Tun ranar da muka yi waya maganar jikata take min yawo a rai, har na ga gara in zauna in rubuto maka, domin a waya kai ke ta bayani ni kuwa ina ta "to, to", abin da ke bakina bai samu wurin fita ba. Ka ce yarinyar tana juya haruffa, ta sa b inda ake neman d, wata rana ma ta rubuta sunanta kacokan daga dama zuwa hagu. Ka ce takan buɗe littafi ta yi ta zuba labari tana bin layi da yatsa, alhali ba abin da ke shafin take faɗa ba, har ka tsawata mata ka ce ta daina ƙarya. Wannan tsawar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ba ka tuna ba, amma ni ban manta ba. Kana ɗan shekara huɗu da 'yan watanni na rubuta maka kalmomi biyu a takarda, giwa da tururuwa, na ce ka nuna min wacce ce giwa. Ko jinkiri ba ka yi ba ka ɗora yatsa a kan tururuwa. Da na ce ba ita ba ce sai ka dube ni da mamaki ka ce, "Baba, giwa fa ƙatuwa ce, yaya sunanta zai shiga ɗan wurin nan?" Na rasa amsar da zan ba ka a lokacin, domin hujjarka ta fi tawa tsari. Kai a wurinka rubutu hoton abu ne, babban abu babban rubutu. Ba ka riga ka gano cewa sautin baki ake zanawa ba, ba jikin dabbar ba.

Shekaru da yawa bayan haka na ci karo da aikin wata malama 'yar ƙasar Ajantina, Emilia Ferreiro, wadda ta yi karatu a hannun masanin tunanin yara Jean Piaget a Janeba. Ita da abokiyar aikinta Ana Teberosky sun zauna da ƙananan yara a birnin Buenos Aires suna tambayarsu abin da suke zato game da rubutu, suka fitar da sakamakon a 1979. Abin da ka faɗa min yana ciki, kamar da kai aka yi hirar. Sun tarar yara da yawa suna ganin sunan babban abu ya cancanci haruffa masu yawa. Sun tarar suna cewa rubutun da bai kai haruffa uku ba ba ya karantuwa, haka ma wanda harafi ɗaya ne aka yi ta maimaitawa. Akwai kuma matakin da yaro yake ba kowace gaɓa harafi ɗaya, ka ce ya rubuta makaranta ya zana haruffa huɗu ya ce ya gama. Babu wanda ya koya musu ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji. Su suka duba, suka auna, suka kafa wa kansu. Yaron da ya rubuta makaranta da haruffa huɗu ya riga ya gane cewa kalma tana rarrabuwa, kuma rubutu yana bin rarrabuwar, wannan kuwa shi ne mafi wuya a cikin lamarin. Abin da ya rage masa kaɗan ne.

Ka kuma daɗe kana bin malam-buɗe-littafi kana son kama shi don ka ga abin da aka rubuta a fukafukansa. Ka ji sunan, ka ɗauke shi yadda yake. Har yau idan na gan shi ya sauka yana buɗe fukafukai yana rufewa, kai nake tunawa.

Yanzu maganar b da d. Ka yi tunanin abin da yarinyar nan ta kwashe shekara biyar tana koya. Ta koyi cewa kujera kujera ce ko ta fuskanci gabas ko ta fuskanci yamma. Fuskar mahaifiyarta ita ce dai, ko daga dama ta hango ta ko daga hagu. Idon ɗan Adam haka yake aiki, kuma alheri ne, da ba haka ba da ba mu gane komai idan ya juya. Sai rana ɗaya aka kawo mata wasu 'yan zane aka ce a nan dokar ta canja, wannan idan cikinsa ya kalli dama b ne, idan ya kalli hagu d ne. Masanin ƙwaƙwalwa Stanislas Dehaene na ƙasar Faransa ya yi bayanin wannan sosai: mai koyon karatu sai ya warware wata ɗabi'a da idonsa ya saba da ita, kuma warwarewar tana cin lokaci. Su kansu Girkawan dā sun taɓa yin rubutu layi ɗaya daga hagu, na biye daga dama, suna juya fuskar haruffan, kamar yadda shanun huɗa ke juyowa idan sun kai ƙarshen kunya. Yarinyar da take ganin rubutun Larabci yana tafiya daga dama, na boko daga hagu, ina laifinta idan ta ɗauka kowanne gefe aka faro daidai ne? Yawancin yara suna barin wannan juyi da kansu wajen shekara bakwai. Idan ta wuce nan abin bai ragu ba, musamman idan haɗa harafi da sautinsa yana ba ta wahala, to ka zauna da malamanta, a duba idonta da kunnenta, a nema mata taimakon da ya dace. Amma yanzu da sauran lokaci.

Abin da ka kira ƙarya shi ya fi damuna. Yarinyar da ta riƙe littafi daidai, ta faro daga shafin farko, take bin layi da yatsa, take sauya murya irin ta mai karatu, ta san abubuwa da dama da ba a haife ta da su ba. Da rarrafe yaro kan tashi. Kai ma ka yi haka, har ka fi ta. Kana zaton labarin a cikin hotuna yake, baƙaƙen layukan nan kuwa ado ne kawai. Wata rana ina karanta maka ka kife tafin hannunka a kan rubutun don ka matso ka ga hoton da kyau, sai na yi shiru. Ka ce in ci gaba, na ce ka rufe min maganar. Ka ɗaga hannun a hankali ka leƙa ƙarƙashinsa. Daga ranar ka fara tambayata, "Nan me aka ce? Nan fa?" Da na taɓa kiranka maƙaryaci kafin wannan rana, ban sani ba ko da ka sake kawo min littafi.

Ni ma ina da nawa. Ina yaro na ɗauka karatu aikin baki ne, idan ba a ji murya ba to ba a karanta komai ba. Na taɓa ganin wani dattijo ya ƙura wa takarda ido tsawon lokaci leɓensa bai motsa ba, na koma gefe ina tausayinsa, a zatona mummunan labari ne ya ɗaure masa harshe. Daga baya na karanta cewa Agustin, wani malamin Kirista na dā, wanda ya zo birnin Milan a shekarar 384, ya ga malamin addini Ambrose yana karatu shiru, abin ya tsaya masa a rai har ya rubuta shi. Babban mutum ke nan mai ilimi, a zamanin da karatu da murya ya zama ruwan dare. Ko tazarar da muke bari tsakanin kalmomi ba da ita aka fara ba. An daɗe ana rubuta Girkanci da Latin a manne, sai wajen ƙarni na 7 da na 8 marubutan Ayalan suka yawaita raba su. Saboda haka idan ta rubuta maka "inasonka" a dunƙule, yadda kunnenta ya ji ta rubuta, domin baki ba ya barin fili tsakanin kalma da kalma.

Ka kuma yi mata adalci game da harshenmu. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Wuya ta jiki da wuya ta wahala haruffansu ɗaya. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama haka. Kai da ka saba, jimlar ce take gaya maka wanne ake nufi tun kafin ka lura. Ita kuwa takardar ba ta gaya mata komai ba. Ga kuma haruffa masu ƙugiya, waɗanda manya da yawa suke zubarwa idan suna rubutu a waya, ƙura ta zama kura, ƙafa ta zama kafa, sannan mu juyo mu ce yara ba su iya ba. A nan kam ina roƙonka ka riƙa rubuta mata daidai, don abin da ta gani a hannunka shi za ta ɗauka.

Akwai rashin fahimta guda ɗaya da nake so ka sa wa ido, domin shi ba ya tafiya da kansa kamar sauran. Na kai wajen shekara tara ban san mutane ne suke rubuta littattafai ba. Na ɗauka haka suke, kamar duwatsu, kuma duk abin da aka buga gaskiya ne tsantsa. Ranar da na ga kalmar da aka buga ba daidai ba a cikin littafi, na kwana ina zargin idona. Da aka tabbatar min kuskuren na littafin ne, sai na ji tsoro, daga baya kuma na ji wani irin sakewa, domin na gane akwai mutum a bayan shafin, mai gajiya, mai mantuwa, mai ra'ayi. Na san manya masu furfura da har yau ba su kai wannan ranar ba. Da sun ce "ai a rubuce na gani", magana ta ƙare, ko da saƙo ne da ba a san wanda ya faro shi ba. Idan kuna karatu da ita ka riƙa nuna mata sunan marubucin a bango, ka ce wannan ne ya zauna ya tsara labarin. Wani lokaci ka tambaye ta ko ta yarda da abin da ya ce.

Idan ta yi abin da ka ga kuskure ne, kafin ka karɓe fensirin ka ce, "Karanta min abin da kika rubuta," sannan, "Me ya sa kika sa wannan a nan?" Za ka ji dalili, kuma daga dalilin za ka san inda za ka kama mata. Gyara ɗaya a zama ɗaya ya isa.

Ina da buƙata. A wannan makon ka ba ta takarda ka ce kakanta yana jiran wasiƙa daga gare ta. Kada ka taɓa ko harafi ɗaya, kada mahaifiyarta ma ta taɓa. Idan ta gama ta faɗa maka abin da ta ce, ka rubuta shi a bayan takardar da kwanan wata, ka aiko min. Takardar giwa da tururuwa tana nan cikin akwatina, kusa da ita zan ajiye.

Ka gaishe min da mai ɗakinka, ka shafa min kan yarinyar. Allah Ya yi muku albarka, Ya buɗa mata.

Mahaifinka.