Masu neman aikin injiniyan manhaja su san matakin da suke faɗuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da matasan da suka koyi rubuta manhaja, suna ta shiga intabiyu ana cewa ba a ɗauke su ba, har sun fara zargin kansu. Su sani a Nuwamba 2022 Meta ta sallami ma'aikata 11,000, a Janairu 2023 Google ta sallami 12,000, Microsoft kuma 10,000. Ƙwararru ma sun sha komawa layin nema.

Haƙuri kaɗai ba ya gyara komai idan mutum bai san inda yake tuntuɓe ba. Ya riƙa rubuta matakin da kowane kamfani ya tsayar da shi. Idan ko kira ba a yi, matsalar tana cikin CV: a taƙaita shi zuwa shafi ɗaya, a sa ayyuka biyu ko uku masu gudana a GitHub (shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu), a nemi wani ma'aikacin kamfanin ya gabatar da sunan mutum.

Inda aka fi zubewa shi ne zagayen rubuta kod, wanda yawanci minti 45 ne. Ana ba da tambaya sai mutum ya yi gum ya hau bugawa, alhali mai intabiyu tunaninsa yake son ji. Minti 5 na farko na tambayoyi ne: yaya girman bayanan, a jere suke ko a hargitse, akwai maimaici? Sai minti 10 na bayyana hanya da baki. A fara da hanya mai sauƙi, a faɗi tsadarta, wato yawan lokacin da za ta ci. Misali, an ce nemo lambobi biyu a jeri da jimillarsu ta kai wani adadi. Gwada kowace lamba da kowace, a jeri mai 100,000, ya kai gwaji biliyan 5. Idan kuwa ana adana waɗanda aka wuce a teburin hash, wato ma'ajiyar da ake gano abu a cikinta nan take, bin jerin sau ɗaya ya isa. Wanda ya faɗi wannan da bakinsa ya ci rabin maki tun bai rubuta layi ba. Minti 20 a rubuta, ragowar a gwada da jeri marar komai, mai abu ɗaya, da lambobin ƙasa da sifili. In an cije a faɗa, karɓar haske daga mai intabiyu ba faɗuwa ba ce.

A wajen atisaye, ƙirga tambayoyin da aka yi a LeetCode, shafin atisayen rubuta kod, yaudarar kai ce. A sa agogo minti 30, in abu ya gagara a duba amsa, bayan mako guda a sake warware shi ba leƙe. A yi da murya a gaban aboki, kuma a kashe manhajar AI, don kamfanoni da yawa ba sa barin ta a ɗakin gwaji.

Zagayen tambayar hali kuwa, a tanadi labarai biyar ko shida na aikin baya, kowanne da matsalar, abin da mutum ya yi da hannunsa, da sakamakon. A ce "na yi", a rage "mun yi". Wanda aka taɓa sallama ya faɗa a jimla ɗaya, kada ya zagi tsohon wurin aikinsa.

Manyan kamfanoni sukan sa wanda ya faɗi ya jira wata 6 zuwa 12 kafin ya sake nema. Don haka kamfanin da aka fi so a bar shi sai an goge a wasu uku ko huɗu.

Naka,
Wani injiniyan manhaja