Sanarwa ga masu koyon injin tana (injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi)

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu zuwa koyo ranar Asabar bayan La'asar, kowa ya zo da guntun ƙarfensa. Ku fara da ƙarfen goran ruwa (alminiyum) ko tagulla, sun fi laushi a bakin wuƙar injin.

In za ku saya wajen ƴan gwangwan ko Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ku riƙe magagari a aljihu. Ku goga: in ya ci, ku saya. In ya zame yana ƙara, ƙarfen ya sha wuta ya yi tauri, zai dakushe wuƙa. Rodin gini kuwa, ku bar wa magina kayansu, ba ya fita sumul.

Don Allah ban da babbar riga da safar hannu kusa da inji. A sa tabarau, a cire makullin ɗaure ƙarfe daga bakin injin kafin a kunna.