Gaisuwa daga bakin kogin Kawazu

Assalamu alaikum, mutumina.

Da fatan kana lafiya, da uwargida da yaran. Ya ƙafar Hajiya? Saƙonka kan kwamfutar ƙaninka yana nan tun watan Rajab ban amsa ba, kuma na san ka riga ka shelanta wa majalisa cewa Japan ta cinye ni. Zan zo kan maganar. Wallahi ba wulaƙanci ba ne, ba ni da lafiya ne, irin ciwon da ba ya kwantar da mutum. Wata uku ina kwanciya ƙarfe biyu in farka ƙarfe huɗu, kai kamar an ɗora masa dutse. Likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa. Ka san shi ne ajalin Baba, don haka maganar ta tsaya mini a rai, ko uwar yara sai da na kwana uku kafin na gaya mata.

Hutu bai yiwu ba, domin a nan shekarar kasuwanci a ƙarshen Maris take rufewa, kowa a guje yake. Sai shugaban sashenmu ya ce tunda dama daga gida nake aiki, in ɗauki kwamfutata in bar Tokiyo na mako guda. Wakeshon suke ce wa abin, wato aiki haɗe da hutu, gwamnatinsu ma ta yi ta tallata shi a 2020 lokacin korona. Ga ni yau kwana biyar a Kawazu, wani ɗan gari a tsibirin Izu mai haɗe da ƙasa, tafiyar kusan awa biyu da rabi a jirgin ƙasan da ake kira Odoriko.

Furen sakura da kake gani a hotuna sai ƙarshen Maris yake buɗewa a Tokiyo, kuma da ya yi mako guda ya fara zuba. Na nan daban ne. Tun Fabrairu yake fitowa, launinsa ya fi kauri, ya kai kusan wata guda a kan bishiya. An jera itatuwan a gefen kogi tsawon kilomita 4, ƙarƙashinsu kuma wani fure rawaya kamar an shimfiɗa atamfa. Dukansu daga bishiya ɗaya suka samo asali, wadda wani mutumin garin ya tsinta tana 'yar ƙarama a bakin kogi wajen 1955 ya dasa a ƙofar gidansa. Tana nan har yau. Na je na daɗe tsaye a gabanta, ina tuna darbejiyar da Baba ya dasa ranar sunan Yaya.

Da na idar da asuba (yamma muke fuskanta a nan, har yanzu jikina bai gama sabawa ba) sai in sa rigar sanyi in bi kogin. Babu kowa sai tsofaffi masu yawo da karnuka da wasu 'yan tsuntsaye kore masu farin zobe a ido, suna tsotsar furen. Wajen ƙarfe goma motocin baƙi sun cika gari, ba masaka tsinke, lokacin ni kuma ina ɗaki muna taron safe. Intanet ɗin masaukin bai taɓa yankewa ba. Teburin ne dai gajere, a kan tabarma ake zama, sai da na roƙi mai gidan ta nemo mini kujera. Ƙarfe biyar nake rufe kwamfutar in sa ta cikin jaka in zuge. A Tokiyo kusa da filo take kwana.

Na san abin da kake jira ke nan, wankan ruwan zafi, kuma ina jin dariyarka tun daga nan. A'a, Malam, ban shiga ba. A onsen na jama'a, wato gidan wankan ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, tsirara ake shiga, maza gefe mata gefe, ko tawul ba a yarda ya taɓa ruwan ba. Kafin in biya kuɗin ɗaki sai da na tabbatar suna da wanda ake kama wa mutum shi kaɗai, ya kulle ƙofa na minti 50. Sai ka cuɗa jikinka tsaf a waje kafin ka shiga. Zafinsa ya haura 40 a ma'auni, da farko kamar ba za ka iya ba, can sai ka ji kowace gaɓa ta saki. Daren farko na yi barcin awa bakwai ba juyi. Da na farka na ga agogo, hawaye ne suka zubo mini, don na riga na fara tsoron barcin ya tafi ke nan.

Akwai wata rijiya a unguwar Mine da aka haƙa a 1926, tana feso tafasasshen ruwa sama har mita 30, ana dafa ƙwai a wurin. Na ci biyu na tuna da kai da mai shayin bakin layi. Wai da gaske ne ya ƙara aure? Kuma wa ya biya bashin da ka bar masa? Abinci dai kifi nake ci, gasasshe da gishiri, domin wanda suke dafawa da romo giyar shinkafa ake zuba masa.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne kai. Saƙonninka ƙarfe goma sha ɗaya na safe suke shigo mini, awa takwas ce tsakaninmu, ke nan ƙarfe uku na dare kana zaune gaban allo kana yi wa Turawanka aiki. Haka nawa ya fara. Don Allah ka je a auna jininka cikin makon nan. Sannan ga maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari a bayan gidanku, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba daga Bauchi. Ruwan can 31 ne, ɗumi kawai, ga shi garau kana ganin yashin ƙasa, kuma da gajeren wandonka za ka shiga. Ka fara tambaya ko layinka yana kamawa a sansanin, ka tafi da abin cajin nan naka na rana, ka yi kwana huɗu kafin azumi. Wannan karon ka rufe taga, kada birai su sake tafiya da burodinka.

Jibi zan koma Tokiyo, likita na jirana ranar Talata. Ka sa ni a addu'a. Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce mata man zafin da na yi alkawari yana cikin kayan da za a kawo bayan salla.

Naka,
abokinka na Tokiyo